Yadda ake ajiye injin ban ruwa da janareta, da abin da za a yi da tsohon fetur

Da zarar damina ta kankama, masu noman rani a Kadawa da Kura da Haɗejiya da Goronyo, har da na Ƙonni da na bakin Komadugu a Diffa, sukan naɗe tiyo su kai injin ban ruwa ɗaki. Daga Mayu ko Yuni ba mai sake taɓa igiyarsa sai wajen Oktoba ko Nuwamba. Ranar da aka fito da shi kuwa, a yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami bai ce uffan ba. Ko kuma ya tashi da cok a rufe, wato makullin da ke rage wa inji iska, da an buɗe cok ɗin ya mutu. Haka ake fama da janaretan gidan da aka saka wa sola, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da hadari ya rufe rana kwana biyu, da injin feshi, da injin yankan katako.

Galibi injin lafiyarsa lau. Abin da ya hana shi tashi ɗan fetur ne da bai cika ƙaramin kofin shayi ba, wanda aka bari a cikin kofin kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji.

Abin da ke samun fetur idan ya daɗe

Fetur haɗi ne na sinadarai masu yawa, wasu masu saurin bin iska, wasu masu nauyi. Masu saurin bin iskan su ne ke kama wuta da wuri lokacin da inji yake da sanyi, su ne kuma ke fara gudu. Tankin ƙaramin inji yana da kafar shan iska a murfinsa, kofin kafireta ma yana da tasa, don haka man da ke ciki kullum yana numfashi. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, shago mai rufin kwano ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, kuma guduwar takan yi sauri.

Abin da ya rage sai ya haɗu da iska ya fara yin kauri. Launinsa ya tashi daga fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske ya koma kamar shayi, warinsa ya koma irin na tsohon fenti. A ƙarshe yakan bar wani danƙo mai kama da ƙaro a jikin ƙarfe. Wannan danƙon ne matsalar, domin ramukan da mai ke bi a cikin kafireta, waɗanda ake kira jet, ƙanana ne ƙwarai. Babban jet na injin ban ruwa mai inci 3 raminsa bai kai milimita 1 ba, ƙaramin kuwa, wanda ke riƙe inji idan yana aiki a hankali, bai kai rabin milimita ba. Danƙo kaɗan ya isa ya rage shi ko ya toshe shi. Shi ya sa injin ke neman cok: man da yake samu ya yi kaɗan, sai an rage masa iska kafin haɗin ya daidaita. Janaretan da ke ta hawa da sauka da murya, wuta tana ƙaruwa tana raguwa, yawanci ƙaramin jet ɗinsa ne ya fara toshewa.

A cikin kafireta fetur na iya fara lalacewa cikin wata 1. A jarka mai murfi mai kyau, a inuwa, yakan kai wata 3 zuwa 6. A ƙasar zafi a ɗauki ƙaramin adadin. Man da aka haɗa da baƙin mai don inji mai bugu biyu, irin ƙaramin janaretan Tiger da injin yankan katako, kada ya wuce wata 1. Idan fetur ɗin ya bi iska, baƙin man kaɗai yake zama a kafireta ya yi kauri.

Sai ruwa. Tankin ƙarfe da babu mai a cikinsa sosai yana shaƙar iska mai laima da damina, da dare ya yi gumi daga ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa, daidai inda mai ke fita zuwa kafireta, ya ci ƙarfen ya haifar da tsatsa. Wani ruwan kuma tun daga wurin saye ake zuwa da shi, daga durom ɗin da aka bari a waje ko jarkar 'yan bumburutu. Bayanan da ake gani a intanet daga Amurka sun fi magana a kan sinadarin etanol, domin yawancin fetur ɗinsu yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na shi, kuma yana jan ruwa daga iska. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol Najeriya, motoci da dama suka kwanta.

Ranar ajiya

Aikin duka bai fi minti 30 zuwa 40 ba, ban da lokacin jiran kaya su bushe. Abin da ake buƙata: sifana mai lamba 10, sifanar fulogi, sukundireba, mazurari, jarka mai tsabta, kwanon ƙarfe, tsumma, da sabon baƙin mai. A yi shi a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa kamar ruwa, zai iya rarrafawa ya iske gawayin da ke can gefe.

Akwai hanya biyu da masana ke bi. Ta farko ita ce a cika tanki fal da sabon mai, a zuba maganin da ke hana fetur tsufa, a kunna injin minti 10 don maganin ya kai kafireta. Irin STA-BIL, misali, mililita 30 ake sa wa lita 9 da rabi. Hanya ce mai kyau, amma maganin ba ko'ina ake samunsa a kasuwanninmu ba, kuma ba ya gyara man da ya riga ya lalace. Ga wanda zai ajiye inji wata 5 a ɗakin da ake kwana kusa da shi, barin lita 3 ko lita 15 na fetur a tanki ma wani haɗari ne. Don haka hanya ta biyu ta fi dacewa da mu: a zuƙe man gaba ɗaya.

Ka fara da kunna injin ya yi minti 5 don baƙin mai ya yi ɗumi. Idan janareta ne, cire duk abin da aka jona masa tukuna. Injin da mai ke ƙare masa yakan yi ta shure-shure, wutar da yake bayarwa a lokacin tana iya ƙona firji ko talabijin, shi kansa janaretan kuma yana iya rasa ɗan maganaɗisun da yake fara ba da wuta da shi. Idan injin ban ruwa ne, ka tabbata akwai ruwa a cikin famfon, ko ka yi wannan matakin tun yana bakin rijiya. Sil ɗin da ke tsakanin famfo da inji, wanda ke hana ruwa yoyo, ruwa ne ke sanyaya shi. Aka bar shi yana juyawa a bushe, zai ƙone, badi kuma ka ga ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashi kuma famfon ya ƙi ja.

Yanzu rufe famfon mai, wato makullin da ke tsayar da mai daga tanki, ka bar injin ya shanye abin da ke kafireta har ya mutu da kansa. Yakan ɗauki minti 1 zuwa 3. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, kuma nan ne kuskuren yake. Jet ba ya kaiwa har gindin kofi, saboda haka ko da injin ya mutu akwai sauran mai a ƙasa, kuma wannan ragowar ce ke zama danƙo. Duba ƙarƙashin kafireta za ka ga kusa biyu. Ta tsakiya ita ke riƙe kofin. Ta gefe, wadda ta ɗan karkace, ita ce ta zubar da mai. Bari injin ya huce, ka tara kwano, ka sassauta ta gefen. Idan man ya daina zuba, buɗe famfon mai don abin da ke tanki ya biyo ta nan ya fita. Idan tankin babba ne, ya fi sauri ka cire tiyon mai daga jikin kafireta ka sa shi a jarka. Karkata injin kaɗan don na ƙasa ya fito. Injinan Honda GX160 da GX200, da na China da aka kwaikwaya daga gare su waɗanda ake rubuta wa 168F, suna da wani ɗan ƙaramin kofi a ƙarƙashin famfon mai inda datti ke taruwa. Kwance shi da sifana 10, ka wanke, ka mayar da shi da robarsa. Robar nan tana da saurin ɓata a cikin ƙasa, a kula.

Tankin ƙarfe da aka bari a bushe zai yi tsatsa da damina. Maganinsa mai sauƙi ne: zuba baƙin mai cokali 2 na cin abinci a cikin rabin kofi na fetur, ka juye a tanki da famfon mai a rufe, ka jujjuya injin har ya shafi ko'ina, sannan ka zubar da ragowar ta tiyo. Fetur ɗin zai bi iska ya bar maiƙo a jikin ƙarfen. Tankin roba ba ya buƙatar wannan.

Baƙin mai a canza shi yanzu, kada a ce sai ranar da za a fito da inji. Tsohon mai yana ɗauke da datti da tsami da ɗan ruwa, kuma wata 5 yana kwance a kan boris ba alheri ba ne. Kwance kusar ƙasa tun man yana da ɗumi, ka bar shi ya tsiyaye. GX160 da GX200 suna cin kusan lita 0.6, babban GX390 da ire-irensa na manyan janaretoci lita 1.1. A ajiye injin a ƙasa mai daidai, a zuba har man ya kawo bakin ramin zubawa. Idan tsohon man ya fito tsululu yana warin fetur, ko ya fi adadin da aka zuba yawa, allurar da ke tsayar da mai a kafireta tana yoyo, fetur yana gangarawa cikin inji. Wannan na faruwa ga masu barin famfon mai a buɗe, musamman idan aka ɗora inji a amalanke ko a bayan babur yana girgiza. Idan kuma man ya fito fari kamar madara, ruwa ne ya shige shi. Ƙaramin janareta mai bugu biyu ba shi da wurin baƙin mai, shi wannan matakin bai shafe shi ba.

Sai fulogi. Share ƙasar da ke kewaye da shi kafin ka kwance, don kada ta faɗa ciki. Zuba sabon baƙin mai cokalin shayi 1 zuwa 2, wato mililita 5 zuwa 10, ta ramin. Sirinji ya fi cokali sauƙi a nan. Makunnin inji a kashe, ka ɗora tsumma a bakin ramin, ka ja igiya a hankali sau 4 ko 5 don man ya shafi bangon silinda da ringi. Kada ka wuce wannan adadin, mai da yawa yana iya cika saman fistan ya hana igiya motsi. Duba bakin fulogin: ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai toka yana nufin mai ya yi yawa ko filtar iska ta toshe. Tazarar bakinsa a injinan GX milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, irin da suke ɗauka kuma NGK BPR6ES ne. Fara ɗaura shi da hannu har ya zauna, sannan ka ƙara da sifana kwata ɗin zagaye ko ƙasa da haka idan tsoho ne, rabin zagaye idan sabo ne. Kan injin na alminiyom ne, wanda ya fara da sifana yakan cinye zaren.

Bayan fulogi ya koma, ja igiya sannu a hankali har ka ji ta yi nauyi, sai ka sake ta ta koma. A daidai wannan wurin bawul biyun duk a rufe suke, iska mai laima ba za ta shiga silinda ba. Daƙiƙa biyar ne aikin, amma shi ke hana bawul yin tsatsa ya maƙale a buɗe.

Filtar iska idan ta soso ce, a wanke da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai a matse da hannu. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi. Soson da ya fara marmashewa a yar da shi, domin gutsattsarinsa kafireta suke shiga.

Ga famfon ruwan kansa, kwance murfin da ke ƙasansa ruwan ya fita. Zuba ruwa mai tsabta ta sama sau biyu don laka da yashi su biyo. Ruwan fadama da aka bari a ciki yakan sa fankar da ke tura ruwa ta yi tsatsa ta manne da gidanta, har mutum ya ɗauka injin ne ya kama. Bar murafun a buɗe yini guda ya bushe kafin ka mayar, sannan ka ɗaure bakin shiga da na fita da tsumma ko leda. Robobin da ke bakin tiyo a haɗa su a leda ɗaya a ɗaure a jikin firam, domin rashin guda ɗaya kawai zai sa famfon ya riƙa shan iska ya ƙi ɗauko ruwa. Tiyo a tsiyaye shi, a naɗe, a rataye a inuwa.

Janareta mai batir, cire wayar da ke da alamar ragi. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6, idan ya sauka ƙasa da 12.4 a yi masa caji. A duba shi wata-wata. Wanda aka bari ya mutu murus tsawon damina da wuya ya sake riƙe caji.

Inda za a ajiye inji shi ma abin dubawa ne. A ɗora shi kan katako ko bulo, kada ya zauna a ƙasa, kuma a tsaye yadda yake aiki. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da buhunan takin zamani, domin taki yana jan laima kuma yana cin ƙarfe. A rufe shi da tsohon zane ko buhu mai shan iska. Ledar da aka naɗe tam tana tara gumi. Sannan ga zanzaro. Duk wani rami da ya samu sai ya gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma bakin salansa da kafar filtar iska suna cikin wuraren da ya fi so. Salansar da laka ta toshe takan sa inji ya tashi ya shaƙe. A toshe bakinta da tsumma mai ɗan maiƙo bayan ta huce, a bar jelar tsumman tana lilo a waje don kada a manta da shi. Ɓeraye kuwa wayar fulogi da wayoyin bayan janareta suke ci, su yi sheƙa a cikin murfin fanka. Leƙawa lokaci-lokaci da jan igiya sau biyu yana korarsu, sai dai a sake mayar da ita wurin da take nauyi.

Janaretan da ake ajiye wa don ko-ta-kwana ba zai yiwu a yi ta zuƙe shi ba. Shi dokarsa daban: duk mako 3 ko 4 a kunna shi minti 15 zuwa 20 da ɗan kaya a kansa, kamar fanka da ƙwan lantarki biyu, a waje inda iska ke kaɗawa. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba, don haka ba a kunna shi a ɗaki ko a rufaffen shago ko da na minti biyar ne. Idan an gama a cire kayan, a rufe famfon mai ya mutu da kansa. Man tankin kuma a sabunta shi kafin ya wuce wata 2.

Tsohon fetur

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ba wanda zai ga lita 4 ta fetur ya zubar da ita haka kawai, kuma ba lallai ne a zubar ba. Wanda aka zuƙe daga inji ranar ajiya ma sabo ne, a juye shi a babur ko mota a ƙone shi cikin makon. Maganar a kan wanda aka tarar ne bayan watanni, a tanki ko a jarka.

Zuba kaɗan a kwalbar gilashi mai haske, ka ajiye sabo a wata kwalbar kusa da ita. Bar su minti 10. Idan launinsu ya yi kusa kuma tsohon yana nan garau, yana da sauran amfani. Idan ka ga wani layi a ƙasa, ko ƙwallaye suna birgima a gindin kwalba idan ka karkata ta, ruwa ne. Idan ya yi duhu kamar shayi, yana warin fenti, ko akwai jan gari a ciki, ya wuce a sa shi a inji. Akwai kuma gwajin takarda ga wanda yake zargin an yi masa haɗi: ɗiga ɗigo biyu a farar takarda. Fetur tsantsa zai bushe cikin 'yan mintoci ba tare da barin komai ba. Wanda aka haɗa da kananzir ko man gas zai bar tabon maiƙo.

Wanda ya tsufa kawai amma yana da tsabta, a tace shi da farin ƙyalle ninki biyu a bakin mazurari, a gauraya kashi 1 da kashi 4 ko 5 na sabo. A tankin injin ban ruwa mai ɗaukar lita 3, rabin lita na tsoho ke nan, sauran sabo. Mota ta fi shanye shi ba tare da ta ji ba: lita 4 a kan lita 30 ko 40 na sabo ba ta da wata illa. Inji mai bugu biyu kuwa kada a ba shi, yana aiki da zafi sosai kuma tsohon mai ya rage ƙarfin jure matsi, fistan ɗinsa ne zai ji a jika. Shi a haɗa masa sabo daidai abin da zai sha. Idan ma'auninsa 50 da 1 ne, mililita 20 na baƙin mai a kowace lita, wato mililita 80 a galan mai lita 4. Idan 25 da 1 ne, a ninka. Ma'aunin yana rubuce a murfin tanki ko a jikin injin.

Mai ruwa a ciki ana iya ceto mafi yawansa. A bar jarkar ta kwana ba a taɓa ta ba, da safe a zuƙe na sama da ɗan famfon hannu, a bar kamar yatsa uku a ƙasa. A sake gwada wanda aka zuƙe a kwalba kafin a yarda da shi. Ƙyalle yana tare datti, ba ya tare ruwa. Kuma kada a ja mai da baki. Fetur kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana ƙona shi daga ciki. Idan yaro ko babba ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin aman ne ke kai man huhu. A kai shi asibiti nan take.

Wanda ya lalace sarai fa? Hanya mafi sauƙi ita ce a kai wa bakanike, su suna wanke kayan inji da shi, duk da cewa kananzir ya fi aminci ga wannan aikin. Idan ɗan kaɗan ne, wanda bai wuce kofi ba, ana iya zuba shi a faffaɗan kwanon ƙarfe a fili, nesa da wuta da yara da dabbobi, mutum yana wurin har ya bi iska. Ba a zuba shi a kwata, domin tururinsa yana tafiya a cikinta har ya iske inda wani ya yar da guntun taba. Ba a zuba shi a masai ko kusa da rijiya, ko a gonar da za a shuka. Ba a hura wuta ko ƙona bola da shi: ko ya tsufa tururinsa yana tashi da mutum. Mafi muni shi ne a juye shi a jarkar kananzir ko a sayar da shi a matsayin kananzir. Risho da fitilar da ke fashewa a gidaje yawanci daga irin wannan haɗin ne.

Wanda zai ajiye fetur da gangan, jarkar ƙarfe ko ta roba mai kauri da aka yi don mai ita ce daidai. Jarkar man gyaɗa mai ruwan ɗorawa da kowa ke amfani da ita murfinta ba ya riƙe tururi sosai, a sa mata leda a ƙarƙashin murfi idan ba wata. Robar ruwan sha da ta lemo ba wurin fetur ba ce, yara kuma suna ɗauka abin sha ne. Kada a cika jarka fal, mai lita 25 a tsaya a 23, saboda mai yana kumbura da zafi. A sauke ta ƙasa kafin a zuba mata mai, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe har tufafi ke tartsatsi. A rubuta ranar saye a jikinta, a fara amfani da wadda ta riga zuwa.

Ranar fitowa

Cire tsumman salansa da na bakin famfo. Duba baƙin mai, domin da yawa daga cikin injinan nan suna da na'urar da ke hana su tashi idan ya yi ƙasa. Ɗaure kusar kafireta idan ka bar ta a sake. Zuba sabon fetur, buɗe famfon mai, jira minti 1 kofin ya cika, ka duba ko akwai yoyo a tiyo, domin tiyon mai yakan tsattsage idan ya bushe. Cika famfon ruwa fal ta sama kafin ka ja igiya. Zai yi hayaƙi fari mai shuɗi-shuɗi na minti 1 ko 2, man da ka zuba a silinda ne yake ƙonewa.

Idan ya ƙi tashi, kwance fulogi ka goge maiƙon da ke bakinsa, ka ɗiga sabon fetur rabin cokalin shayi a ramin, ka mayar ka ja. Ya tashi na daƙiƙa biyu ya mutu, to wuta lafiya, mai ne ba ya zuwa. Rufe famfon mai, kwance kusar tsakiya ka sauke kofin kafireta. Babban jet yana cikin bututun da kusar ta fito daga ciki, sukundireba mai faɗin baki daidai da shi ke kwance shi. Tagulla ce mai laushi, idan sukundireban ya yi ƙanƙanta zai cinye kansa. Ƙaramin jet a injinan GX yana sama, wani ɗan baƙin abu na roba a ƙarƙashin kusar da ke daidaita saurin inji. Jiƙa su a sabon fetur ko maganin wanke kafireta na feshi, ka zura silin waya guda daga cikin wayar lantarki mai laushi, ka ɗaga jet ɗin sama ka ga haske ta ramin. Kada a yi amfani da allura ko basilla. Ƙarfe yana faɗaɗa ramin, daga nan injin ya koma shan mai yana baƙanta fulogi, kuma ba gyara sai sabon jet.

Igiyar da ta ƙi motsi gaba ɗaya kada a tilasta mata. A injin ban ruwa fara buɗe murfin famfo ka duba fanka, sau da yawa ita ce ta manne. Idan ba ita ba ce, kwance fulogi ka zuba cokali biyu na kananzir da aka haɗa da baƙin mai, ka bar shi ya kwana, washegari ka gwada juyawa a hankali da fulogin a cire. Tankin da aka tarar da tsatsa a ciki a sauke shi, a zuba notina cikin hannu guda da kananzir a girgiza sosai, a ɗauraye har ya fito garau, a shanya a rana, a sa ƙaramar filtar mai a tiyo kafin a mayar.

Janaretan da ya tashi lafiya amma ya ƙi ba da wuta bayan dogon zama, duba makunnin da ke yanke wuta tukuna, sannan wayoyin bayansa ko ɓera ya taɓa su. Idan duk suna nan daidai, mai yiwuwa maganaɗisunsa ne ya gudu. Rewaya, wato mai gyaran wutar inji, yana dawo da shi da batir mai bolt 12 cikin 'yan mintoci. Wannan a bar masa, domin wanda ya jona wayar a juye zai iya ƙona na'urar daidaita wutar.